Jan Kebul a Jirgin Darakta

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka maƙale a tsakiyar tafkin Jabi ba, kuma kafin in yi nisa bari in gyara abin da kowa ya ɗauka. Duk wanda ya ji labarin a Apo, unguwar makanikai, cewa yake yi Baba ne ya yi kuskure. Wai idonsa ya tafi, ya ɗaura kebul inda bai kamata ba, ya kunyata babban mutum a gaban surukansa. Ba haka aka yi ba. Baba bai taɓa kebul ɗin nan ba, bai ma san da zamansa ba. Ni ce. Ni na yanko shi, ni na ɗaure shi da sifana, har na ja da baya na riƙe ƙugu ina yaba wa kaina.

Babana, Malam Iliya, mai gyaran wutar mota ne a Apo tun kafin a haife ni. Ba shi da gida na kansa, haya muke a Dutse Alhaji, ba shi da mota, amma yana da suna. In wutar mota ta gagari kowa, wurinsa ake turo ta. Da na gama sakandare ba a samu halin ci gaba ba, sai na ce ni dai ba zan zauna a gida ina tsinke alayyafo ba, na bi shi shago. A wurinsa na koyi mota. A wurin wasu abokan aikinsa kuma na koyi haɗa inbata, na'urar ba da wuta daga batir, a gidajen mutane, kuma nan na fi ƙwarewa, don aikin ya dace da halina: jera batira, haɗa su wuri ɗaya, kunna, a tafa maka, ka tafi. (Ni ko shayi ba na jira ya huce. Harshena ya sha ƙuna, bai kuma koyi komai ba.)

Shekaru biyun nan idon Baba ya fara yin yana. Yana ganin mutum, amma ƙananan rubutu da launin kebul sai ya kawo su dab da hancinsa. Ni ce idonsa. Shi ya ce a yi kaza, ni in yi. Mutane sun fara 'yan raɗe-raɗi, amma ba wanda ya taɓa kama shi da kuskure ko ɗaya, kuma da wannan yake taƙama.

Shi kuwa Darakta tsohon kwastoman Baba ne. Ya daɗe da yin ritaya daga ma'aikata, amma har gobe Darakta ake ce masa. Wani kwas ya je ƙasar waje yana saurayi, ya dawo da son jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, mai dogon ƙarfe a tsakiya da ƙaton farin ƙyalle. Da ya ajiye aiki sai ya sayo ɗaya ya ajiye a tafki. (Mutum ya rasa abin so sai jirgin iska, a garin da iska ke zuwa ranar da ta ga dama.) Saboda haka jirgin yana da ɗan inji, wanda ke fitar da shi daga bakin ruwa, ya kuma dawo da shi in iska ta ƙi.

Baba ne ya shirya masa wutar jirgin. Batir biyu ne. Na ɗaya na tada inji ne kawai. Na biyu shi ke ɗaukar fitilu, da ɗan firij, da sifika, da soket ɗin cajin waya. A tsakaninsu akwai wani makunni mai juyawa. In inji yana aiki, sai a juya shi ya ciyar da su duka biyun. Da an kashe inji, sai a mayar da shi kan na biyu, a bar na ɗaya a cike yana zaune. Ko an shanye na biyu tas, na ɗaya yana nan zai kai ka gida. Baba ya faɗa mini wannan ya fi a ƙirga.

"Uwata," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "na ɗaya ba ya ba da aro. Ko Darakta da kansa ya roƙa, ba ya bayarwa. A ƙasa in batir ya mutu sai a tura mota. A ruwa wa zai tura ki?"

"Na ji, Baba."

Ban ji ba. A raina cewa nake, wannan wace irin asara ce, a ajiye batir sukutum yana zaman banza kamar mai gadi.

Ranar Laraba Darakta ya kira. Ɗansa zai yi aure, iyayen yarinyar za su zo daga Katsina, yana so ranar Asabar ya zaga da su a tafki. A zo a duba masa wuta, a cika batiran. Alhamis da hantsi muka je ni da Baba. Ya shafa kawunan batiran da yatsa, ya sa na goge su, ya sa na karanta masa mita. Na ɗaya sabo ne, yana da ƙarfi. Na biyu ya fara gajiya. Cajar Darakta kuwa guda ɗaya ce, ƙarama, irin mai jan lokaci.

"Ki fara da na ɗaya," in ji Baba. "Sai fitilar caja ta koma kore, ki cire, ki mayar kan na biyu. Ɗaya bayan ɗaya. Ni zan wuce asibitin ido, kada layi ya wuce ni."

Ya hau tasi ya tafi, ya bar ni da caja da rana.

Na zauna. Awa ɗaya, fitila ja. Aka ɗauke wuta. Aka dawo da ita. Awa biyu, fitila ja. Na ci gyaɗa, na duba waya, na ƙirga masu motsa jiki a bakin tafki. La'asar ta kusa, na fara hango gosulo, cunkoson motocin hanyar Dutse, yadda zan tsaya a bakin titi ina kokawar shiga mota. Kuma na biyu ko fara shi ban yi ba. Sai wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum yana jin kansa. A gidajen da nake haɗa inbata, wa ya taɓa cajin batir ɗaya bayan ɗaya? Haɗe su ake yi, su sha tare, su bayar tare. Na buɗe jaka na ɗauko wani jan kebul mai kauri, na haɗa kan na ɗaya da kan na biyu kai tsaye, ta bayan makunnin. Yanzu caja ɗaya tana ciyar da biyu.

Da a ce mantawa na yi ban cire shi ba, da na samu abin faɗa. Ban manta ba. Da zan tafi na tsaya na dube shi, na ce a bar shi. Ai yanzu wuta ta ninku, Darakta zai ji daɗi, firij ba zai taɓa mutuwa ba. Har tef na naɗa masa, na kwantar da shi ta gefe don kada ya yi muni. Fitilar caja tana nan ja lokacin da na zare ta. Na ce ai sun sha abin da suka sha.

Da Baba ya tambaye ni a gida, na ce, "An gama, duka biyun."

Asabar Baba bai iya fita ba, an ɗiga masa magani a ido, rana tana damunsa. Darakta ya ce to a turo masa Injiniya. (Ni ke nan. Da wasa yake faɗa, ni kuma da gaske nake karɓa.) Na sa atamfata mai kyau, na ɗora mayafi, na ɗauki jakar aiki don ado.

Mu shida ne a jirgin: Darakta, da surukinsa Alhaji Mamman, da matarsa Hajiya, da 'yan matansu biyu, ƙannen amarya, sai ni. Hajiya tun a bakin ruwa take karanto addu'o'i, ta ce ita tun da take ba ta taɓa hawa abin da ba shi da taya ba. Inji ya tashi bugu ɗaya. Muka fita. Da muka yi nisa Darakta ya kashe shi, ya juya makunni kan na biyu, ya ja igiya, ƙyalle ya buɗe. Wata 'yar iska ta ɗauke mu. Gaskiya abin da kyau. Ba ƙara, sai ruwa yana shafar jikin jirgi.

To, kun dai san mu da soket. Ɗan ƙasar nan in ya ga soket mai wuta, ko wayarsa a cike take sai ya ji zuciyarsa ta motsa. Babbar cikin 'yan matan ce ta fara. "Anti, ana iya caji a nan?"

Darakta ya buɗe baki zai ce wani abu, na riga shi. "Ku jona, ku jona duka! Wuta ta ishe mu har gobe."

Suka jona. Wayoyi huɗu, da abin ajiye caji guda biyu, da wata fitila mai zagaye ta ɗaukar hoto da ƙaramar ta fiddo daga jaka. Alhaji Mamman ya laluba aljihun babbar riga ya miƙo tasa, sannan ya miƙo ta biyu. Na kunna musu sifika, na ƙure firij don lemo ya yi sanyi. Darakta ya ɗan dube ni, sai ya yi murmushi ya ce wa surukinsa, "Bar su su more. Ko sun shanye wannan, akwai wani batir a ajiye, ba abin da ke taɓa shi. Aikin Malam Iliya ne, mahaifin yarinyar nan. Shekara da shekaru bai taɓa ba ni kunya ba."

Na ji maganar. Wani abu ya ɗan taɓa ni a ciki, na kore shi kamar ƙuda.

Bayan azahar iska ta ɗauke ɗif. Ƙyalle ya saki jiki ya rataye kamar zanin da aka shanya. Ba wanda ya damu, aka ci nama, aka sha lemo, aka yi hotuna. Ni ce na fara lura sifika tana shaƙewa. Daga nan firij ya yi wani ɗan tari ya yi shiru. Hajiya ta ce rana ta ishe ta, a mayar da ita ƙasa ta yi la'asar a inda ba ya motsi.

"Yanzu kuwa, Hajiya," in ji Darakta. Ya miƙe da fara'a, ya juya makunni kan na ɗaya, har yana yi wa Alhaji Mamman bayani kamar malami a aji. Ya murɗa makulli.

Ƙyat. Ƙyat-ƙyat.

Duk wanda ya zauna a Apo ya san wannan ƙarar. Ƙarar batirin da ya mutu ce. Ya sake murɗawa. Ƙyat. A karo na uku ko ƙyat ɗin babu. Injin kuma ba irin mai igiyar ja ba ne.

"Innalillahi," in ji Hajiya, ta damƙe hannun mijinta.

"Ba zai yiwu ba," Darakta yake ta faɗa. "Ba zai yiwu ba, na ɗaya sabo ne." Ya cire hula, ya durƙusa da farar shaddarsa, ya ɗaga murfin da batiran suke. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sa yatsa ya ɗago jan kebul ɗina, da tef ɗinsa da komai, tsaf-tsaf.

"Wannan fa? Wa ya haɗa su?"

Kowa ya juyo gare ni.

Ni da ake cewa bakina ba shi da birki. Ni da na taɓa gaya wa wani mai babbar mota a gaban matarsa cewa ba motar ce ba ta da lafiya ba, shi ne bai iya tuƙi ba. Ranar da ake buƙatar bakin nan ya faɗi kalma biyu, "ni ce", sai ya nemo wata hanya. Na ji kaina ina cewa:

"Ranka ya daɗe, ranar Alhamis da Baba muka zo."

Ba ƙarya a ciki. Da Baba muka zo. Na zaɓi gaskiyar da za ta yi mini aikin ƙarya, na miƙa, na sunkuyar da kai.

Darakta ya saki kebul ɗin a hankali. Fushin da ke fuskarsa ya narke ya koma wani abin da ya fi fushi muni. "Allah sarki," ya ce. "Malam Iliya. Ashe idon ya kai haka."

"Tsufa ke nan," in ji Alhaji Mamman. "Kowa zai je."

Ina tsaye. Da na ɗaga kai a lokacin na ce a'a, da an wuce wurin da 'yar tsawa. Ban ɗaga ba. Hajiya, matar da ta fi kowa tsoro, ita ce ta jawo ni kusa da ita ta ce, "Zauna, 'yata, kada ki ji kunya, ba laifinki ba ne. Ki dai riƙa haƙuri da shi, kin ji? Allah Ya yi miki albarka da kike taimakon mahaifinki." Ta buɗe lemo ta ba ni. Na sha. Wallahi na sha, har na ce na gode.

Mun fi awa biyu a wurin. Darakta ya kira mai kula da bakin ruwa, aka ce mai jirgin injin da ke jawo waɗanda suka maƙale ya tafi ɗaurin aure. Rana ta gasa mu. Alhaji Mamman ya yi la'asar a zaune, jirgi yana juya shi a hankali daga gabas zuwa inda Allah Ya so. A ƙarshe wani dattijo mai kamun kifi ya matso da kwalekwalensa, ya dube mu sama da ƙasa, ya yi magana da guntuwar Hausarsa.

"Oga, wannan babban jirgi ya mutu? Kawo igiya, ni zai ja ku."

Haka aka jawo mu, ƙaton farin jirgi a bayan kwalekwale mai warin kifi, tsoho yana tuƙi yana nishi, mutanen bakin tafki sun jeru suna ɗaukar mu. 'Yan matan ma suna ɗauka. Wayoyinsu ai a cike suke fal, duk wutar da za ta kai mu gida tana cikinsu.

Na ɗauka kunyar ta ƙare a bakin ruwa. Ashe nan ta fara.

Darakta mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya yi ɓarnar. Bai yi wa Baba faɗa ba. Kiransa ya yi a waya, ya gaishe shi, ya tambayi ido, ya ce, "Malam, ka yi mana aiki shekaru, yanzu lokacin hutu ne." Ya gaya masa abin da aka gani a jirgi, cikin lallashi. Daga ranar motocin gidansa suka koma wani shago. Direbansa kuwa ya kai labarin Apo da ƙari. Kafin mako ya zagayo, a bencin mai abinci ana cewa Malam Iliya ya kusa nutsar da mutum shida. Masu kawo mota suka fara leƙowa su ce, "Yarinyar tana nan? Ita muke so ta duba." Wani ma a gaban Baba ya faɗa. Ni, da na yi ɓarnar, ni ce na zama abin yarda.

Baba bai musa wa kowa ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Na zaci zai tashi ya ce shi bai yi ba, a yi rigima, gaskiya ta fito ba sai na fito da ita ba. (Kun ga irin lissafina.) Amma bai tashi ba. Ya daina sa hannu a mota. Ya koma zama a kan benci a ƙofar shago, yana jan carbi, in an gaishe shi ya amsa.

Wata safiya, kwana goma sha biyu bayan abin, muna buɗe shago ya ce, "Uwata, zo."

Na zo.

"Ranar nan a jirgi, kin ga na riƙe jan kebul? Ina ta juya abin a raina. Na tuna na shafa batir, na tuna kin karanta mini mita. Kebul ɗin ne ban tuna ba sam." Ya murza goshinsa. "Ido ban damu ba, ido ana yi masa aiki. Amma in mutum ya fara yin abu da hannunsa bai san ya yi ba, to ba ido ba ne. Kai ne."

Ya shiga ciki ya ɗauko mitarsa, wadda ko ni ba ya bari in ɗauka sai yana tsaye, ya ɗora mini a hannu. "Riƙe. Kada in je in ƙona wa wani mota."

Ashe duk kwanakin nan ba mutanen Apo yake tsoro ba. Kansa yake tsoro. Ni na sa dattijo ya zauna yana zargin hankalinsa, don kawai kada in sha kunyar minti biyar a gaban baƙi waɗanda ba zan sake gani ba.

Na faɗa masa. Ba da tsari ba, da kuka da majina, a tsaye a tsakiyar shago da mita a hannu. Na ce ni ce, bayan ya tafi asibiti, don ina gudun gosulo, kuma da gangan na bar shi, kuma da Darakta ya tambaya na jingina masa.

Ya dube ni. Sai ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdulillahi." Ya sake cewa, "Alhamdulillahi." Ba ni yake yi wa ba. Kansa aka dawo masa da shi.

Sannan ya miƙo hannu. Na zaci dafa ni zai yi. Mitarsa ya karɓe.

"Wane kebul kika sa?"

"Mai kauri, Baba."

"To. Da siriri ne da ya kama da wuta." Ya juya zai shiga ciki, ya tsaya. "Haɗin ba komai ba ne, Uwata. Kowa ya yi irinsa yana koyo. Ni ma na taɓa ƙona wa maigidana mota. Amma ni na je na faɗa."

Yau kwana uku ke nan, in na gaishe shi yana amsawa, iyakarta ke nan. Ba ya kirana da sunan da yake kirana. "Ke" yake cewa.

Abin da na koya ba wani mai daɗi ba ne. Na daɗe ina yi wa kaina kirarin mai faɗin gaskiya, ashe gaskiyar wasu nake faɗa. Tawa ce ban taɓa gwadawa ba, kuma ranar da ta zo na ga nauyinta. Na kuma gane batirin da nake raina wa zaman banza aikinsa ke nan, ya zauna, kuma ni zaman ne ban iya ba.

Ga abin da na yanke. Gobe Litinin, lokacin da benci ya cika wurin mai abinci, zan tsaya in faɗa da bakina, da ƙarfi, yadda na saba faɗin na wasu. Za su yi dariya, za su sa mini suna, masu cewa "yarinyar muke so" za su watse. Daga nan in hau mota zuwa gidan Darakta in gaya masa a gaban direban nan nasa, don ya samu sabon labarin kaiwa. In ya yarda ya ba ni makullin jirgi, zan je in cire abin da na ɗaura, in jona caja a kan na ɗaya, in zauna a rana har fitila ta koma kore. Sannan na biyu. In bai yarda ba, to, ya dai mayar wa Baba motocinsa. Ni ko sharar shago aka bar mini, na karɓa.